Matar Wane, 'Yar Wane, Uwar Wane: To Ita Ɗin Wace Ce?

Wannan karon ba maganar zakka ko tsadar kaya na zo da ita ba. Maganar littattafan hikaya ce, waɗannan da muke kira na soyayya, da wata tambaya da 'yata ta yi min wadda ta hana ni sakat. Na san wani zai ce, "Malam kuma me ya haɗa shi da littafin soyayya?" A yi min haƙuri a karanta har ƙarshe, sannan a yanke min hukunci.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, na dawo daga kasuwa da yamma na tarar da mai ɗakina ta duƙufa a kan wani ɗan littafi mai hoton mace a bango, tuwo kuwa bai sauka ba. Raina ya ɓaci. Na ɗaga katifa na sami wasu guda bakwai. Direbobin da ke kawo mana albasa da wake nan Badun su ke sayo su daga Kano, mata kuma suna ara wa juna gida-gida har bango ya yage. Na kwashe su na tara a tsakar gida na ƙyasta ashana. Ko ɗaya ban buɗe ba. Ba ta ce min uffan ba, ta ɗauki tsintsiya ta share tokar. Da labari ya zo mana a 2007 cewa hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone irin waɗannan littattafai a Kano, sai na ce a raina, ka ga, ashe ina kan hanya.

Yarinyar da take goye a bayan uwarta ranar nan ita ce yau take jami'a tana karantar adabi. Da hutun da ya wuce ta zo da tarin littattafai, ta ce kundin kammala karatunta take rubutawa a kan yadda ake siffanta mace a ƙagaggun labaran Hausa. Na tambaye ta da wane ma'auni za ta auna. Ta ce da wani salon nazari da malamansu ke kira feminizim. Ina jin kalmar na haɗe rai, don ni abin da na sani game da ita shi ne mata masu cewa ba ruwansu da aure, ba ruwansu da biyayya. Ta ce, "Baba, masu wannan suna kashi-kashi ne, kuma ba duk abin da suka faɗa na yarda da shi ba. Ni tambaya uku kawai na aro a wurinsu. In na ɗauki labari sai in duba: wa yake magana a ciki? Me matar da ke ciki take so, ita da kanta? Kuma ina aka ajiye ta a ƙarshe?"

Na juya tambayoyin nan uku a raina, na rasa wadda zan ce ta saɓa wa addini. Ai ko alƙali in aka kawo masa ƙara abin da zai fara bincika ke nan: wa ya yi magana, wa aka hana, me mai ƙara yake nema. Sai na ce ta ba ni littattafan in gani da idona. Wata biyu ina karantawa a rumfa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ciniki ke ja baya.

Ta fara ba ni na da. A 1933 Turawan mulki suka shirya gasar rubuta labarai da Hausa a ƙarƙashin Rupert East, aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Duk maza ne, kuma Hausarsu kam ba a magana. Amma ɗauki Jiki Magayi ka yi masa tambayoyin nan. Zainab ce tushen rigimar: saurayinta Abubakar yana sonta, attajiri Malam Shehu ya raba su ya aure ta. Daga nan labari ya koma na maza biyu, ɗaya yana yawon neman abin da zai rama da shi, ɗaya yana girbar abin da ya shuka. Ita Zainab ta zama kamar gonar da ake shari'a a kanta. A Shaihu Umar kuwa, babu wanda ya sha wuya kamar mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta. Amma ka tambayi duk wanda ya karanta, da "uwar Umar" zai tuna ta.

Ban ce marubutan nan sun yi da mugun nufi ba. Namiji ya rubuta abin da yake gani daga zaure. Abin da ke faruwa bayan labule bai isa kunnensa ba, ko kuwa ya isa bai ɗauke shi labari ba. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ku lissafa, fiye da shekara arba'in ke nan maza kaɗai ke ba da labarin mata. Bayanta ne aka sami su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da ɗimbin mata masu bugawa da kuɗinsu suna kai wa kasuwa, har 'yan boko suka laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi.

Littafin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990. Ita marubuciyar ƙanwar marigayi Janar Murtala ce, kuma an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, saboda haka ba ji ta yi ba, gani ta yi. An mai da littafin fim, daga baya kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, mai 'ya'ya tara. Kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, shi kuwa yana waje yana cin mai kyau yana kashe wa wata mace mai zaman kanta, Delu. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ci gaba da karatunsu, ta aurar da 'yarta Saudatu. Shi kuma gobara ta cinye masa dukiya, Delu ta juya masa baya. A ƙarshe dangi suka taru a kan Rabi sai an mayar da aure.

Ina karantawa ina jin kamar ana leƙa aljihuna. Ni ma ɗan kasuwa ne. Na san yadda mutum zai miƙa kuɗin cefane da safe bai tambayi nawa ake sayar da mudun shinkafa ba, ya fito ya tsaya wurin mai shayi a soya masa ƙwai uku, da dare kuma ya biya wurin mai tsire. In ya dawo ya tarar da miya ba nama ya yi faɗa. Alhaji Abdu ba dodo ba ne. Yana sallah, yana da mutunci a kasuwa, in an zo ɗaurin aure yana sahun gaba. Wallahi in da a Sabo yake, da a bayana zai riƙa yin sallah, ni kuma in riƙa yi masa barka da zuwa.

To ga inda tambayar take. Duk tsawon zaman Rabi a gidan nan, sunanta matar Alhaji Abdu. Da ya ce ta fita, me ya rage? Bisa yadda muka saba magana, babu abin da ya rage sai "bazawara", wato sunan da shi ma daga rashin miji aka samo shi. Amma marubuciyar ta ƙi tsayawa nan. Ta bi Rabi ta nuna mana mace mai lissafi, mai sana'a, mai fushi in an cuce ta, mai tsoron Allah, mai iya tsayawa a kan yara tara ba namiji. Waɗannan halaye ba ranar saki aka halicce su ba. Tana da su tun tana cikin gidan, mijin ne bai taɓa dubawa ba. Abin da na fahimta ke nan da maganar da 'yata take ta nanatawa, cewa mace mutum ce kafin ta zama matar wani.

Mu duba kanmu. Mace a unguwar nan takan shekara talatin ba a kira sunanta na yanka ba. Tana ƙarama 'yar wane ce, ta yi aure matar wane, ta haihu maman wane. Na san kunya da kara ne suka kawo haka, kuma ba na neman a watsar da su. Maƙwabtanmu Yarabawa ma da sunan ɗa suke kiran uwa. Amma su in ka shiga kasuwar Gbagi ka ga matar da ke juya dilolin atamfa, ka san ana saninta da abin da take yi, har sarautar Iyalode gare su a garin nan. Namu matan fa? Gida nawa ne a Sabo da kuɗin ƙosai da fura da ɗinki da adashe ke biyan kuɗin makarantar yara? Mu duka mun san amsar. Amma in yaro ya gama karatu, sai a ce ɗan Alhaji wane ya yi ƙoƙari, Alhaji ya iya tarbiyya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ya shafi limancin da nake taɓawa. Mutane sukan kawo min rigimar aure in sasanta. Akwai wata baiwar Allah, ba zan faɗi ko layinsu ba, da ta zo wurina sau uku cikin shekara biyu. Miji ba ya ciyarwa, in ta yi magana ya ɗaga hannu. Duk zuwan da ta yi, kafin ta kai ƙarshen zance na tare ta da "Ki yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, aure ibada ne." Shi kuwa na ja shi gefe na ce, "Alhaji, a riƙa sassautawa," muka yi musabaha muna murmushi. Zuwa na huɗu bai yiwu ba, don 'yan'uwanta sun zo sun tafi da ita Arewa ba lafiya. Da na karanta labarin Rabi daga bakin Rabi, shafi bayan shafi ba mai katse ta, sai na gane ban taɓa barin matar nan ta gama magana ba. Littafin da na raina ya yi mata adalcin da ni mai rawani ban yi ba.

Haƙuri gaskiya ne, kuma maganin zaman duniya ne. Sai dai mun mai da shi kaya mai nauyi da ake ɗora wa mutum ɗaya. Haƙuri a kan abin da Allah Ya ƙaddara, kamar talauci ko ciwo ko rashin haihuwa, wannan ibada ce. Shiru a kan zaluncin da mutum ke yi da gangan, alhali yana da ikon bari, wannan wani abu ne daban, kuma wanda ya umarci a yi shirun ya sa hannu a zaluncin. In mace tagari a wurinmu ita ce kawai wadda ba a jin muryarta, to ba nagarta muke yabo ba, sauƙin da muke samu muke yabo.

Kuma wannan ba daga Turawa na koyo shi ba, a Islamiyya aka karantar da mu, mu ne muka manta. Sura ta 58 a Alƙur'ani sunanta Mujadala, wato mai jayayya. Khaula 'yar Sa'alaba ce ta kai ƙarar mijinta Ausu ɗan Samitu wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bayan ya yi mata zihari ta tsufa a gidansa. Ta yi ta maimaita kukanta ba ta gaji ba, aka saukar da hukunci saboda ita. Khansa'u 'yar Khizamu mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara aka warware auren. Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai dukiyarta. Shari'a ta bar wa mace sunan mahaifinta bayan aure, ta bar mata sadakinta da gadonta da abin da ta nema, ranar hisabi kuma ita kaɗai za ta tsaya, ba a ƙarƙashin sunan miji ba. Shehu Usmanu a Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Yau ba a tuna ta don matar Waziri Giɗaɗo ce kawai, ana tuna ta da alƙalaminta.

Kada wani ya ce Malam ya zama ɗan tallan littattafan soyayya. Akwai abin suka a cikinsu, kuma da tambayoyin nan uku na gano shi. Da yawansu yarinyar kirki dole fara ce mai dogon gashi, ladanta kuma miji mai mota da gidan bene. Yarinyar da ta taso tana karanta wannan, ya za ta kalli saurayi mai tura baro a Bodija? Ko a littafin Balaraba, sakamakon tarbiyyar Saudatu shi ne auren attajiri. Sannan kishiya kusan kullum muguwa ce mai bin bokaye, kamar dai a tatsuniya. Delu fa? Ita ma 'yar wasu ce. Na so a ce an tsaya an gaya mana abin da ya fitar da ita daga gidan iyaye ko na miji har ta zauna zaman kanta, don mu nan Kurmi mun san irin waɗannan mata, kuma mun san da yawansu auren dole ko sakin wulaƙanci ne ya jefo su mota. In marubuciya ta ba Rabi murya ta hana Delu, to aikin bai cika ba. Na faɗa wa 'yata haka, ta ce, "Baba, ai ka rubuta min babi guda." Ban da wannan, akwai na batsa zalla da ke yawo yanzu a wayoyi ta WhatsApp, marasa sunan marubuci na gaskiya. Waɗannan ba na kare su, kuma ita ma ba ta kare su ba.

Wanda ya fi burge ni ta wannan fuska shi ne Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na Balaraba. Abu yarinya ce da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka ba wani tsoho ita. Ta gudu wurin gwaggonta a birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A nan abin da yarinyar ta samu a ƙarshe nata ne, ba wanda zai sake ta ya ƙwace.

Inda muka yi saɓani da 'yata shi ne ƙarshen labarin Rabi. Ni na ga sulhu: miji ya gane kurensa, iyali sun haɗu, alhamdu lillahi. Ita ta ce, "Baba, ka sake dubawa. Wa ya tambayi Rabi abin da take so? Lokacin da aka kore ta maza ne suka yanke, lokacin da aka mayar da ita ma su ne suka yanke." Muna cikin wannan sai mahaifiyarta, da ke gefe tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ai wannan yana cikin waɗanda ka ƙone. Saura min shafi kaɗan in gama." Na rasa abin cewa. Na miƙa mata littafin. Bayan kwana biyu ta dawo min da shi ta ce, "Ku duka biyun kun faɗi gaskiya. An tilasta mata, amma wadda ta koma ba ita ce wadda aka kora ba. Yanzu ta san tana iya ci da kanta, shi ma ya sani." Shekara ashirin da wani abu ina zaune da mai irin wannan fahimta, ban taɓa tambayarta ra'ayinta a kan wani abu da ya wuce cefane da yara ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma da kaina na fara. Iyaye maza, kafin ka ƙwace littafi a hannun 'yarka ko matarka, karanta shi. In sharri ne ka hana da hujja, in kuwa kuka ne ka saurara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan'uwana malamai da masu unguwa da ake kawo wa ƙara, mu bar mace ta kai ƙarshen maganarta, mu tambaye ta me take so, kuma kalmar haƙuri in za mu faɗe ta mu raba ta biyu, kowa ya ɗauki rabonsa. Wanda ba ya ciyarwa alhali yana da hali, a gaya masa a gabanta cewa haƙƙi ne a wuyansa, ba alfarma ba. 'Yan matanmu masu karatu kuma, ku riƙa yi wa duk labarin da kuka ɗauka tambayoyin nan uku, na mace ne ko na namiji. In kun ga ba a ba da labarin matan Sabo yadda yake ba, ga takarda ga biro, mujallar nan ma taku ce.

Ita kuwa baiwar Allahn da na sallama sau uku, na aika a nemo min lambar 'yan'uwanta. Ina so in roƙi gafararta tun muna da rai. Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya ba mu ikon gyarawa.